Yadda ake miƙaƙƙen ɗinki da keke

Ƴan uwa, keken ɗinki ya shigo ƙauye. A da sai an je birni ko babbar kasuwa ake ganinsa, a rumfar tela. Yanzu yana cikin gidaje da yawa. Wata ta saye shi da kuɗin adashi. Wata an kawo ta da shi cikin kayan aure. Wani ya sayar da wake ko gyaɗa bayan kaka ya saya, don ya sami sana'ar rani.

Amma ku leƙa ɗakuna ku gani. Kekuna da yawa suna nan a rufe da zane, an jera kwanoni a kansu. In kun tambayi mai shi, sai ta ce ta gwada, ɗinkin ya fito a karkace kamar sawun maciji cikin rairayi. Ta ɓata yadi sau ɗaya, sau biyu, sai tsoro ya kama ta.

Haka ya faru da ƙanwata. Ana saura kwana 5 Sallah maƙwabciyarta ta kawo mata atamfa sabuwa, ta ce a ɗinka wa ɗiyarta riga. Ƙanwata ta zauna ta ɗinka. Gefe ɗaya ya shiga ciki, gefe ɗaya ya fita waje. Yarinya ta zo gwadawa, riga ta ƙi wuce ƙirji. Dole ƙanwata ta biya atamfar, kuma wata 2 ba sa gaisawa da maƙwabciyar. Da na zauna kusa da ita ina kallon yadda take aiki, sai na ga laifinta biyu ne: tana jan yadi da hannu, kuma idonta yana kan allura.

Ku duba lissafin. Riga tana da ɗinki a gefen dama da gefen hagu. Kowane ɗinki yana cin yadin gaba da yadin baya. In kun shiga ciki da santimetir 1 fiye da yadda ya kamata, gefe ɗaya ya ci santimetir 2. Gefe biyu sun ci 4. To, santimetir 4 sun isa su hana riga shiga.

Keke ne ke jan yadi

Kekunan da muke gani suna ɗinki da zare biyu. Ɗaya yana sauka daga sama, ta cikin allura. Ɗaya yana ƙasa, a naɗe a jikin kwarkwaro, cikin gidansa na ƙarfe. Masaƙa sun san wannan, don ƙoshiyarsu ma kwarkwaro take ɗauke da shi. Allura tana huda yadi ta kai zaren sama ƙasa, ya sarƙe da na ƙasa, sannan ta koma sama. Dabarar ta daɗe. A shekarar 1846 wani mutumin Amurka mai suna Elias Howe ya sami takardar shaidar ƙirƙiro keke mai zare biyu. A 1851 Isaac Singer ya fito da nasa. Baƙaƙen kekunan nan na ƙarfe, kamar Butterfly da ake ƙerawa a ƙasar Sin, an yi su ne bisa fasalin wani tsohon keke na Singer.

Yanzu ku ɗaga ɗan ƙarfen da ke danne yadi, wanda za mu kira takalmi. Ku duba ƙarƙashinsa. Za ku ga haƙora ƙanana a jere. Ku juya majuyin da ke hannun dama a hankali, ku kalle su. Suna tasowa, su tafi baya, su nutse, su dawo gaba. Kowace tafiya suna jan yadi kaɗan, daidai tsawon ɗinki ɗaya. Kuma hanya ɗaya suka sani: baya, a miƙe.

Wanda ya taɓa huɗa da garmar shanu ya san wannan aiki. Shanu ke ja. Manomi riƙewa kawai yake yi, yana gyara kan garma. In ya ce zai tura garmar da ƙarfinsa, kunya ta lalace. Haka keke yake. In kun ja yadi daga baya, allura tana lanƙwasa, ta bugi ƙarfe, ta karye. In kun tura daga gaba, yadi yana taruwa gaban takalmi. In kun riƙe shi da ƙarfi, ɗinki yana fitowa ƙanana-ƙanana a wuri ɗaya. Hannu aikinsa ya nuna wa yadi hanya kawai.

Ku gwada da kanku. Ku sa wani ƙyalle mai tsawon taƙi biyu ƙarƙashin takalmi, ku saukar da takalmin, ku taka ba tare da kun taɓa ƙyallen ba. Za ku ga ya tafi kusan a miƙe shi kaɗai.

Ina ido zai duba?

Wannan shi ne babban abu. Allura ba ta zuwa dama, ba ta zuwa hagu. Sama da ƙasa kawai take yi, a rami ɗaya. Kallonta ba ya gaya muku kome, sai dai ya gajiyar da ido. Kuma in kun ga kuskure a bakin allura, an riga an ɗinka shi.

Abin dubawa shi ne bakin yadi. Ana barin rata tsakanin bakin yadi da layin ɗinki, don kada ɗinkin ya zare. Ratar da aka fi bari a tufafi santimetir 1 da rabi ce, wato kusan faɗin ƙaramin yatsa. In bakin yadi ya bi layi ɗaya tun daga farko har ƙarshe, ɗinki ya miƙe ko ba ku kalle shi ba.

Sabbin kekuna suna da layuka a jikin ƙarfen da ke ƙarƙashin allura, da lambobi. Tsofaffin baƙaƙen kekuna yawanci ba su da su. Sai ku yi naku layin. Ku saukar da allura. Ku ɗauki metir ɗin awo, ku auna santimetir 1 da rabi daga allura zuwa dama. Ku manna takarda mai gam a wurin, doguwa, daga gaban keke zuwa baya, a miƙe. Abin da ya fi wannan kyau shi ne kwalin sukari. Ku yanki kwalin, ku ninka shi biyu ko uku ya yi kauri, ku manne shi a kan layin. Ya zama ɗan bango. Bakin yadi zai dinga gogarsa yana wucewa.

Ku duba kuma cikin ɗan akwatin da ya zo da keke. Sau da yawa akwai wani ƙarfe mai kama da harafin T, da ƙusa mai murɗi. A jikin keke, dama da allura, akwai ramin da ake murɗa shi. Aikinsa ke nan, ya tare bakin yadi. Mutane da yawa sun jefar da shi don ba su san amfaninsa ba.

Ku lura da metir ɗin awo. Wasu suna da fuska biyu. Fuska ɗaya santimetir, ɗaya inci, wanda telolin Najeriya suka fi aiki da shi. Inci 1 ya kai santimetir 2 da rabi. Ku zaɓi fuska ɗaya ku tsaya a kanta. In kun auna mutum da inci kuka yanka da santimetir, rigar babba za ta koma ta jariri.

Ido kuma ya tsaya a gaban takalmi, kamar yatsa biyu ko uku kafin allura. A nan ne kuke da sauran lokacin gyarawa.

Ƙafa tukuna, sannan takarda

Kada ku fara da yadi. Ku fara koya wa ƙafa takawa. Ku cire zare, ku cire allura, ku ɗaga takalmi. Ku sa ƙafa biyu a kan mataki, ɗaya ta ɗan fi ɗaya gaba. Ku juyo majuyi da hannun dama zuwa wajenku, ƙafa ta karɓa. A irin kekunan nan majuyi wajenku yake juyowa kullum. In ya koma baya, zare yana tsinkewa ko ya cukurkuɗe a ƙasa. Ku yi ta takawa har ku iya tafiya a hankali ba tare da ya koma baya ba. Gudu ba shi da wuya, kowane yaro yana iyawa. Tafiya a hankali ita ce gwaninta. Ku koyi tsayawa kuma, ta wurin ɗora tafin hannu a kan majuyi.

Bayan haka ku sami takardar kaye mai layi. Ku mayar da allura, amma tsohuwa, don takarda tana dakushe baki. Ba a sa zare. Ku bi layukan ɗaya bayan ɗaya. In kun gama ku ɗaga takardar wajen rana. Ramukan za su nuna muku gaskiya. Sa'an nan ku juya ga takarda marar layi, ku bi bakinta da bangon kwali da kuka manna. Wannan ya fi na farko amfani, don yadi ba shi da layi. Takarda 10 ko 15, kwana 3 ko 4, hannu zai faɗa.

Wasu suna jin kunyar a gan su suna ɗinka takarda. Ni dai na fi son a yi mini dariya a kan takarda da in biya atamfar mutane.

Zama ma yana da nasa. Ku zauna daidai da allura, hancinku ya fuskance ta. Wanda ya zauna tsakiyar keke yana ganin layi a kaikaice. Keke ya tsaya daram. In daɓen ɗaki rairayi ne, ku sa katako ƙarƙashin ƙafafunsa. Ku nemi haske, bakin ƙofa ko ƙarƙashin rumfa. Ɗinkin dare da ƙaramar fitila ba na mai koyo ba ne.

Kafin yadi ya hau keke

Karkataccen yanka ba ya ba da miƙaƙƙen ɗinki. In bakin yadi ne jagora, dole jagoran ya miƙe. Yadi saƙa ne, da zaren tsaye da zaren kwance. Ku ɗan tsaga bakinsa da almakashi, ku jawo zare ɗaya ku zare shi. Zai bar layi siriri. Ku yanka a kan wannan layin. Yadin auduga kuma yana yagewa a miƙe in an tsaga bakinsa aka ja da ƙarfi, kamar yadda masu kanti suke yi. Kada ku dogara da zanen furen atamfa, don wani lokaci bugun yana ɗan karkacewa.

Yadin auduga yana shiga in ya sha ruwa. Ku wanke shi ya bushe kafin ku yanka. Ku goge shi da dutsen guga. Yadin da ya yamutse ba ya kwanciya daidai ƙarƙashin takalmi.

Ku haɗa ƙyalle biyu, fuskokinsu masu kyau suna duban juna, bakunansu daidai. Akwai wani abu da ya kamata ku sani a nan. Haƙora ƙyallen ƙasa suke kamawa, takalmi kuwa yana ɗan riƙe na sama. Saboda haka na ƙasa yana rigan na sama tafiya. A dogon ɗinki sai ku kai ƙarshe ku tarar na sama ya yi saura. Maganinsa a kafe su da allurai masu kai. Ku kafe farko, ku kafe ƙarshe, ku kafe tsakiya, sannan tsakanin waɗannan. Ku sa su a gicciye, kansu yana waje, don cirewa ta yi sauƙi. Ku cire kowace kafin ta kai ga takalmi. In allurar keke ta buge ta, guntun yana iya tashi ya shiga ido. In ba ku da irin waɗannan allurai, ku kama ƙyallen da ɗinkin hannu mai faɗi-faɗi, da zare mai wani launi, ku zare shi daga baya. Mai keken hannu ya fi kowa bukatar wannan, don hannunsa ɗaya ne ke kan yadi.

Farawa, tafiya da tsayawa

Ku sa babban ɓangaren yadi a hannun hagu, bakinsa a dama, jikin bangon kwali. Kada ku bar yadi yana reto a ƙasa. Nauyinsa yana jan ɗinki gefe. Zane ɗaya ya kai kusan metir 2, kuma turmi ya ninka haka 3. Ku tattara shi a kan cinya, ku sa kujera ko tebur a hagu ya ɗauki sauran.

Ku jawo zaren sama da na ƙasa, kamar santimetir 10, ku kwantar da su baya. A gaban keke akwai ɗan ƙarfe mai ɗauke da zare, yana hawa yana sauka kamar kan ƙadangare. Ku tabbata yana can sama kafin ku fara, in ba haka ba zare zai zame daga allura. Ku saukar da allura cikin yadi da hannu. Ku saukar da takalmi. Mantuwa da takalmi ita ke sa zare ya taru a ƙasa kamar sheƙar tsuntsu. Ku danne zaren nan biyu da yatsa har an yi ɗinki 3.

Ku ƙulle farkon ɗinki. In kekenku yana da ƙarfen komawa baya, ku yi 3 gaba, 3 baya, sannan ku wuce. In ba shi da shi, ku bar zare da tsawo, ku jawo su gefe ɗaya ku ɗaure da hannu.

Hannun hagu ya kwanta a kan yadi, gefen allura, sakwa-sakwa. Hannun dama ya riƙe bakin yadi a gaba. Yatsu su yi nesa da allura. Ku ɗinka taƙi ɗaya, ku tsaya, ku gyara, ku ci gaba. Duk lokacin da za ku tsaya, allura ta kasance cikin yadi, don kada ya goce. In kun ga bakin yadi ya fara barin bango, kada ku fizge shi. Ku dawo da shi kaɗan-kaɗan cikin ɗinki 5 ko 6. Fizga tana barin gwiwa a layi, kuma ana ganinta daga nesa.

In kun kai kusurwa, ku tsaya da allura a ciki, ku ɗaga takalmi, ku juya yadi, ku saukar da takalmi. A ƙarshe ku sake ƙullewa, ku kai kan ƙadangare sama, ku ja yadi baya, ku yanke zare.

Tsawon ɗinki ana gyara shi da ƙarfen da ke gaban keke ta dama. Lambobin ba iri ɗaya ba ne a kowane keke. Abin da ya fi sauƙi, ku ɗinka ƙyalle ku ƙidaya. Ɗinki 4 cikin santimetir 1 ya yi wa atamfa daidai.

In laifin na keke ne

Wani lokaci hannu ya yi daidai, amma ɗinki bai yi kyau ba. Ku fara da allura. Kowace tana da lamba a jikin takardarta. Ƙaramar lamba siririyar allura ce. Lamba 70 ta yadi marar kauri ce, kamar mayafi. Lamba 80 ko 90 ta atamfa. Lamba 100 ko 110 ta kaki da sauran yadi mai kauri. Wasu takardu suna rubuta 14 maimakon 90, 16 maimakon 100, 18 maimakon 110. Kan allura yana da gefe ɗaya mai faɗi. Kafin ku cire tsohuwa, ku duba ina gefen nan yake fuskanta, ku sa sabuwa haka, ku tura ta sama har ƙarshe. In keke yana tsallake ɗinki, yawanci allura ce ta lanƙwashe, ko ta dakushe, ko an sa ta a juye.

In zare ya yi sako-sako a ƙarƙashin yadi, kada ku taɓa kwarkwaro. Laifin na zaren sama ne. Ku cire shi ku sake sawa, takalmi yana sama. Akwai faya-fayai biyu ƙanana da ke matse zare, kuma sai takalmi yana sama suke buɗewa. In ɗinki yana tattare yadi, matsin ya yi yawa, ku ɗan sassauta. Ɗinki mai kyau sama da ƙasa kamarsu ɗaya, ƙullin yana ɓoye tsakiyar yadi.

In yadi yana gocewa gefe ko ba ku taɓa shi ba, ku duba takalmi, wataƙila ƙusarsa ta saki. Ku buɗe ƙarfen da ke kan haƙora. Ƙura da gashin yadi suna cika tsakaninsu, musamman lokacin hunturu. Ku share da gashin kaza. Ku ɗiga man keke, ɗigo ɗaya a kowane rami. Kada ku sa man gyaɗa. Yana bushewa ya zama kamar ƙaro, keke ya daskare. In an riga an sa, ku ɗiga kananzir, ku taka, ku goge, sannan ku sa man keke. Bayan kowane mai ku ɗinka tsumma tukuna, don kada ya ɓata yadi.

Aikin farko

Ku fara da abin da duk ɗinkinsa miƙaƙƙe ne: rigar matashi, labule, jakar zuwa makaranta, kalmasar zane. Wajen kalmasa, ku ninka baki santimetir 1 ku goge, ku sake ninkawa ku goge. A nan gefen takalmi ne jagora, bakin ninkin ya bi shi. In kun gama kowane ɗinki, ku buɗe ratar ku goge ta kwanta. Sa'an nan ku auna ta da metir a farko, a tsakiya, a ƙarshe. In awo uku sun zo ɗaya, ɗinki ya miƙe.

In bai miƙe ba, a warware. Kada ku sa reza, tana cin yadi. Ku sa bakin allura ku tsinka zaren ƙasa bayan kowane ɗinki 4, sannan ku ja na sama, zai fito gaba ɗaya. Ba sai an warware duka ba. Ku warware wurin da ya goce, ku fara sabon ɗinki a kan tsohon, santimetir 2 kafin wurin. Ramukan allura a jikin atamfa suna rufewa in an yayyafa ruwa an goge. Shadda kuwa ramin yana zama a jikinta, ana ganinsa. In an kawo muku shadda, ku gwada allura da zare a kan guntun da ya rage wajen yanka, sannan ku ɗora rigar a kan keke.